Baba Yana Asibiti

Ranar Talata ce, kwana na uku ana ruwa. Ba ruwa mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan ne mai naci, wanda ba ya zuba ya huta, sai ya bi ya jiƙa bango, ya kumbura ƙyaure, ya sa kowa ƙunci. Wuta kuwa tun Lahadi aka ɗauke. Shi ya sa mai walda yake tsugune a rumfarsa da zarto a hannu maimakon inji, yana yankan wani dogon ƙarfe yana tsaki, lokacin da ƙarar ta zo daga kan tudu.

Ba tsawa ba ce. Kamar an juye tifar katako da kwanon rufi ne a lokaci guda, sannan shiru.

Matarsa ta leƙo daga ƙofar gida, hannunta duk kumfa.

"Baban yara, ka ji?"

"Na ji."

"Daga Asibiti ne fa."

Idonsa yana kan ƙarfen da ya danne da gwiwa. Rabinsa fari ne, rabi kore, fentin ya tsufa har ya yi ɓawo. Akwai wasu irinsa a bayan rumfa, an lulluɓe su da buhu.

"Baba ya fita da tsintsiya tun ɗazu," in ji ta. "Ban ga dawowarsa ba."

Ya yar da zarton. Ko takalmi bai tsaya nema ba.

Asibiti dai suna ne kawai ya rage. Wani mai gandu ne ya gina gidan tun kafin a haifi kowa a garin, da ƙaton zauren taro a tsakiya, ɗakuna hagu da dama, da doguwar baranda a gaba. Da zuriyarsa ta watse aka mai da shi asibiti, aka yi shekara talatin da wani abu ana haihuwa ana mutuwa a ciki. Shi kansa mai walda a can aka yanke masa cibiya. Shekara goma sha huɗu ke nan da aka zo da mota aka kwashe likita da magani, aka ce gyara za a yi, wata shida a dawo. Har yau ana dawowa. Amma bakin mutane bai saki sunan ba. Akuya ta ɓata, a ce a duba Asibiti. Yara sun ƙi zuwa aike, suna Asibiti suna jifan ƙadangare. Wanda ciwo ya kama da gaske kuwa ba a cewa ya tafi asibiti, sai dai a ce an kai shi birni wajen likita.

Baba Maigadi ne kaɗai bai yarda an rufe ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da mai walda. Shi ne mai gadin wurin tun yana da baƙin gashi, kuma da aka tafi babu wanda ya tsaya ya ce masa aiki ya ƙare, shi ma bai tambaya ba. Kullum da hantsi zai hau tudun nan da tsintsiyarsa, ya share baranda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya kori awaki, ya tsaya ya zagi duk wanda ya zo da dare ya ɓalle wani abu, ya dawo gida.

Kwana goma da suka wuce wasu mutum biyu suka turo amalanke ƙofar rumfa da ƙarafa huɗu. Mai walda bai tambaye su daga ina ba. Ba a tambaya. Washegari Baba ya ɗora haɓa a kan katanga ya daɗe yana kallon buhun.

"Ɗan nan, wancan ƙarfen na san shi."

"Haba Baba, ƙarfe ai duk kamarsu ɗaya."

"Ni na shafa masa fenti. Sau shida."

"To sai ka je ka kama wanda ya ciro, ni saya na yi."

"Rufin barandar nan a kan me kake so ya tsaya? A kan kaina?"

Mai walda ya yi dariya a ranar. Yanzu yana gudu a cikin taɓo, dariyar tana dawo masa a maƙogwaro kamar ɗaci.

Rabin baranda ya kife ƙasa. Kwano ya lanƙwashe, katakon da ya sha ruwan kwana uku ya karye biyu. Tsintsiyar ya fara gani, sannan ƙafa ɗaya babu takalmi.

"Baba! Baba Maigadi!"

"Kada ka taka nan," in ji wata murya daga ƙarƙashin kwanon. "Akwai ƙusa."

Kafin ya gama janye kwanon mutane sun fara isowa, wasu da buhu a ka, wasu da leda. Wani gungumen katako ne ya danne Baba a ƙugu. Mutum biyar suka kama, mai walda yana ihu, "A tare! Ku ɗaga a tare, kada ku saki!" Da suka janyo shi bai yi ƙara ba, sai dai ya ciji leɓe har ya fashe.

Inna Ungozoma ta kutso tana ture maza da sandarta. Ita ma a nan ta yi aikinta har aka rufe, rabin waɗanda ke tsaye a wurin ita ta fara ganin fuskarsu. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga rigarsa, ta danna cikin da yatsu. Ta buɗe masa ido ta duba. Sannan ta ja mai walda gefe.

"Jini yana zuba a ciki. Kada wanda ya kuskura ya ɗora shi a babur, ƙugun ya tafi. Mota, a kwance, yanzu. In ya kai wajen likita kafin azahar, to."

"In bai kai ba fa?"

"Ka nemo mota na ce maka, ba surutu ba."

Motar garin guda ɗaya ce, ta tafi da kaya tun safe, sai yamma. Amma Baba yana da ɗa a birni, autansa, yana da mota, tafiyar minti arba'in ce. Mai walda ya ciro waya, cajin ya yi ja. Ya kare ta da tafin hannu daga ruwa, ya kira.

"Auta! Ni ne, maƙwabcinku."

"Yaya? Lafiya dai ko?"

"Baba ne. Ya ji ciwo sosai, muna Asibiti da shi. Ka zo yanzu-yanzu, kana ji na? Yanzu!"

"Asibiti? To madalla. Ga ni nan, ga ni nan."

Wayar ta yi duhu a hannunsa. Ya bi ta da harara. Madalla. Uban mutum yana kwance a taɓo, shi yana madalla. Mutanen birni ke nan. Ya miƙa wa matarsa wayar ya ce ta kai shago a jona, ko wutar sola ta mai shago ta rage ɗan abin da za ta tashe ta.

"Yana zuwa," ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Minti arba'in."

Ba za a bar shi a ruwa ba, amma ina za a sa shi? Mai walda ya shiga ciki yana neman inda ba ya yoyo. Ya daɗe bai shiga ba, don babu sauran abin ɗauka. Zauren taron babu rufi, sama ce kawai fara fat, ciyawa ta fito ta tsakanin siminti har gwiwa. Ɗakin maza an hura wuta a tsakiyarsa, bango ya yi baƙi. Ɗakin haihuwa an farfasa bangon an zare wayar wuta, layi-layi kamar an yi wa ginin tsaga, kuma wani ya rubuta zagin uwar wani da gawayi, da manyan baƙaƙe, daidai inda gado yake a da. Ko'ina kwalabe, kashin awaki, fasasshen gilashi. Ɗakin magani ne kaɗai mai rufin kankare, ba ya yoyo. Shi kuma an mai da shi bayan gida.

Ya tsaya a bakin ƙofar ya toshe hanci, ransa yana tafasa. Wane irin mutane ne waɗannan? Ya koma ya ɗauko tsintsiyar Baba da guntun kwano, ya kwashe ƙazantar da hannunsa yana zagi, ya watsa ruwan sama da bokitin wata mata.

"A kan me za mu kwantar da shi?" in ji Inna Ungozoma. "A ƙasa?"

Sai duk idanu suka koma kan mai shago.

Kowa ya san teburin da mai shago ke baza kaya a kai a ƙofar shagonsa. Dogo ne, na ƙarfe, mai taya huɗu, da hannu a kai da ƙafa. Da safe ya turo shi waje, da yamma ya tura shi ciki.

"To ai akwai kaya a kai," in ji mai shago yana sosa ƙeya. "Sabulu ne, kuma ga ruwa..."

Mai walda bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya gangara da gudu, ya kama gefen ledar da aka shimfiɗa ya fizge, sabulu da ashana da batir suka watse a taɓo. Ya turo gadon har kan tudu, yana ta kauce masa zuwa hagu, yana dawo da shi da ƙugu.

Da suka ɗora Baba a kai suka tura shi ɗakin magani, sai ya lalubi gefen ƙarfen da yatsa.

"Lamba bakwai," in ji shi. "Na ɗakin tiyata. Tayar hagu ta gaba tana ja, sai an danna hannun dama. Sannu da ajiya, mai shago."

"Baba, ai tsinta na yi a..."

"Na sani. Kowa tsinta ya yi."

Inna Ungozoma ta ce a kawo abin rufa, yana rawar sanyi. A kawo tasa da ruwan ɗumi, a kawo fitila, ɗakin da duhu. Mata suka watse da gudu, ba wadda ta yi ƙyuya, garin ba na marasa tausayi ba ne. Cikin minti goma aka dawo da komai. Bargo mai kauri, toka-toka. Farar tasa mai shuɗin baki. Fitila. Kujerar ƙarfe don Inna ta zauna. Matashi.

Baba ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. A gefen kowanne akwai lamba da jan fenti, rubutun hannunsa, wata ta dushe, wata an kankare amma ba ta fita ba.

"Bargon ɗakin yara. Tasar ɗakin haihuwa, sha biyu. Kujerar ofishin likita." Ya yi tari, ya runtse ido har zafin ya wuce. "Ashe yau za a buɗe asibiti. Da na sani da na faɗo tun bara."

Babu wanda ya yi dariya. Matar da ta kawo bargon ta juya gefen lambar ƙasa a hankali.

"Ke ma, Inna?" in ji shi, da ya ga almakashin da take yanka masa wando da shi.

"Ni aƙalla aikinsa nake yi da shi. Rufe min baki ka adana numfashinka, tsohon banza."

Minti arba'in suka wuce. Awa ɗaya ta wuce. Wani ya ce ai hanyar ce, da ruwan nan sai a hankali. Wani ya ce ƙila ya tsaya shan mai. Mai walda ya fita bakin tudu sau huɗu yana leƙen hanya, babu komai sai ruwa da wani jaki a tsaye a ƙarƙashin bishiya. Duk lokacin da ya dawo sai ya ga leɓen Baba ya ƙara fari.

Maza sun taru a ƙofar ɗakin suna fakewa, sai baki ya buɗe.

"Yaran nan ne masu shaye-shaye," in ji mai shago. "Wallahi ba su bar komai ba. Har famfo."

"Hukuma ce dai. Ka rufe wuri shekara goma sha huɗu, ko leƙe?"

"Jikokin mai gidan ma suna can suna rigimar fili."

"A kama yaran nan a yi musu dukan tsiya, shi ne kawai."

Mai walda ya juyo. Bai san lokacin da muryarsa ta hau ba.

"Yara? Yara ne suka kai tagogi shida gidanka? Kai, kwanon da ka rufe ɗakin awakinka da shi, daga sama ya faɗo? Kai kuma da kake cewa hukuma, ƙyauren bayan gidanka har yau an rubuta Ɗakin Allura a jiki, kullum sai mun karanta! Gadon da aka haife ku a kai kun kawo min na yanka na yi muku murhu! Ku yi wa mutane shiru, ɓarayin banza, ɓarayin wofi, masu zuwa jaje da kayan sata!"

"A'a, dakata," in ji mai shago, fuskarsa ta haɗe. "Taga ba ta kashe kowa ba. Tasa ba ta kashe kowa ba. Ginshiƙan baranda fa? Wa ya cire su? Suna ina yanzu?"

Ruwa ne kawai ke magana a kan kankare. Mai walda ya kau da kai.

"Ɗan nan," in ji Baba daga ciki. "Matso."

Ya shiga ya durƙusa a gefen gadon. Sai da ya kai kunne kusa sannan ya ji.

"Nawa ka yanka?"

"Ɗaya. Da rabi."

"Asara. Ba a yin irin wannan ƙarfen yanzu. Me za ka yi da shi?"

"Ƙofar gida."

"Ta wa?"

"Ta mai shago."

Kafaɗar Baba ta girgiza, dariya ce take so ta fito, ciwo ya tare ta. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne.

"Baba, ka yafe min. Wallahi ban zaci..."

"Ka zata. Na faɗa maka a kan katanga." Ya numfasa. "Ban yafe ba tukuna. Ka bari in ga likita, sai mu yi maganar."

A lokacin ne matarsa ta shigo da gudu, zaninta ya jiƙe sharkaf, wayar tana kuka a hannunta.

"Ta tashi! Sau goma sha ɗaya ya kira!"

Ya fizge.

"Auta, kana ina? Awa biyu!"

"Ni zan tambaye ka, Yaya! Wane ɗaki kuke? Na duba ɗakin gaggawa, na duba ɗakin maza, na hau sama na sauko, sun duba littafi sau uku babu sunansa. Har ɗakin ajiye gawa na sa aka buɗe min! Kuna ina?"

"Wane irin ɗaki? Muna Asibiti!"

"Ni ma ina asibiti!"

Mai walda ya ɗago kai. Ya dubi bangon da ke gabansa, da ramukan da aka zare kantoci, da fitilar da ke ci a ƙasa.

"Asibitinmu," ya ce a hankali. "Na kan tudu."

"Kangon?" in ji Auta. "Kangon nan kake ce wa asibiti? Shekara biyu ina roƙon Baba ya zo a duba shi yana ƙi, ka ce min kuna asibiti, na ce madalla an kawo shi hannun likita! Yaya, a ƙofar likita nake tsaye da mota tun ɗazu! Da mai a ciki!"

"Ka taho. Ka bar maganar, ka taho."

Inna Ungozoma ta ji komai. Ta riƙe wuyan hannun Baba tana kallon ƙasa, sannan ta ɗago.

"Ba shi da minti arba'in na zuwa da arba'in na komawa. Ku tura shi. Ku tare motar a hanya, duk taku ɗaya riba ce."

Suka lulluɓe shi da bargon, suka ɗora ledar mai shago a sama. Mai walda ya kama hannun gadon ta kai, mai shago ya kama ta ƙafa ba tare da an ce masa ba, wasu biyu a gefe. Suka fito ta zauren da babu rufi, suka bi ta gefen barandar da ta faɗi, suka gangara.

Gadon an yi shi don siminti mai santsi ne, ba don wannan hanya ba. Tayoyin suka cika da laka suka daina juyawa. Su tura, ya kauce hagu, su dawo da shi, ya nutse. Inda ya ƙi gaba ɗaya sai su ɗaga shi cak su yi taku ashirin su sauke. Kowane rami sai Baba ya yi wani ɗan sauti ta hanci, tun mai walda yana cewa sannu har ya daina, don sannun ta fara yi masa kama da zagi. Suka wuce rumfarsa. Bai kalli wajen ba. Suka wuce shago, sabulun yana nan a taɓo yana kumfa. Suka wuce gidan ƙarshe, suka shiga tsakanin gonaki. Mutane suna biye a baya, mata da maza.

"Danna dama," in ji Baba daga ƙarƙashin leda. "Dama na ce. Ba ku iya komai ba sai ɗauka."

"Na danna, Baba."

"An share... an gama share wancan ƙarshen?"

"An gama."

"Ƙarya kake."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da kowa ya ji.

A kwalbatin da ke bayan gonaki ruwa ya hau kan hanya har ƙauri. Suka tsaya su gyara riƙo don su ɗaga. Inna Ungozoma, wadda wani ya goyo a babur a bayansu, ta sauka ta ɗaga ledar. Ta sa yatsu a wuyansa. Ta daɗe. Sannan ta ja bargon ta rufe fuskar, ta gyara gefensa kamar yadda ake gyara wa mai barci.

"Ku sauke hannunku," in ji ta. "Ba sauri kuma."

Mai walda bai saki ba. Yana riƙe da hannun gadon, yana danna dama, har motar ta ɓullo daga kwana tana watsa ruwa, ta tsaya a ƙetaren kwalbatin. Auta ya fito bai rufe ƙofa ba, ya shigo ruwan da takalminsa na ofis. Ya ɗaga bargon, ya mayar. Ya juyo ya kama wuyan rigar mai walda da hannu biyu.

"Ka ce asibiti."

"Asibiti na ce."

"Kalma ɗaya, Yaya! Ka ce tsohon asibiti! Ka ce kango! Ka ce gida!"

"Haka muke ce masa."

"Haka kuke ce masa." Auta ya sake shi, ya dubi jama'ar da ke tsaye cikin ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi jan fentin da ke gefen bargon, da na jikin gadon, rubutun da ya sani tun yana yaro. "Kun cinye shi har ƙashi, kuna ce masa asibiti. Me ya faɗo masa?"

"Baranda," in ji wani.

"Baranda mai ginshiƙin ƙarfe? Ta yaya?"

Mai shago ya sunkuyar da kai. Kowa ya sunkuyar. A garin nan ba a tona wa juna asiri, don asirin kowa a rufin maƙwabcinsa yake.

"An cire ginshiƙan," in ji mai walda. "Suna rumfata. Ni na saya."

Ya tsaya yana jiran mari. Da ma a mare shi. Auta ya dube shi kawai, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya, sannan ya juya ya ce a taimaka masa a sa mahaifinsa a mota. Ya hana mai walda taɓawa.

Motar ta wuce gida a hankali, jama'a suka bi ta. Aka bar shi da gadon a bakin kwalbati. Mai shago ya ɗan tsaya, ya kalli gadon, ya kalli mai walda, ya ga abin da ke fuskarsa, ya wuce.

Shi kaɗai ya turo shi. Bai tsaya a shago ba, ya haura da shi tudu, yana zamewa yana tashi. Wajen la'asar ya isa, ruwan ya tsagaita.

Barandar da ta faɗi ba ta nan. Katakon da ya karye yana nan, ya ruɓe ba ya da amfani. Amma kwanon, har wanda ya janye daga kan Baba da hannunsa, an kwashe tas. Ga sawun amalanke sabo a taɓo, ya zagaya ta bayan gini. A cikin awa biyun da gari ya bi gawa, wani ya sami lokaci.

Ya so ya yi ihu, babu wanda zai yi wa. Ya tura gadon cikin zauren, ya bar shi a tsakiyar ciyawa. Sannan ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ƙafarsa ba takalmi a kan gilashi, yana taɓa kowane gurbi da hannu yana ƙirgawa a fili.

Ƙyaure talatin da takwas. Taga sittin da huɗu. Famfo tara. Gado ba a san adadi ba, sawun ƙafafunsu a siminti ya nuna hamsin da biyu. Rufin zaure gaba ɗaya. Kwanon baranda, falle goma sha shida, na yau. Ginshiƙi huɗu. Jiran mota, awa biyu da kwata. Mutum ɗaya.

Daga bakin kankaren ɗakin magani ruwa yana ɗiga cikin farar tasar da aka manta, ɗis, ɗis, ta kusa cika.